Fa'idodi da Illolin Binciken Manyan Digiri kan Laifuka da Shari'a a Karkara: Misalin Rumbu

Kowace shekara, idan lokacin aikin fili ya yi, ɗaliban digiri na biyu da na uku sukan rataya jaka su nufi ƙauyuka domin tattara bayanan da za su gina kundinsu a kai. Masu tambaya kan irin gero ko allurar rigakafi an saba da su, ana karɓarsu hannu bibbiyu. Waɗanda ake ɗari-ɗari da su su ne masu tambaya kan satar dabbobi, ɓarnar gona, faɗan rijiya, tara, diyya, da yadda ake raba gardama. Fagen nan nasu ya haɗa abubuwa uku: nazarin laifuka da abin da ke haifar da su, nazarin yadda sarakuna da jandarmomi da kotuna ke gudanar da shari'a, da nazarin dokokin da ke tsara amfani da ƙasa, ruwa da makiyaya.

Rumbu, wadda takardun hukuma ke rubutawa Roumbou, ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi a Nijar, cibiyarta kuwa Sakabal. Tana yankin kwarin Tarka, inda gonakin Hausawa ke haɗa iyaka da makiyayar Fulani da Abzinawa. Manyan dokoki uku ne suka haɗu a kan wannan yanki. Ta farko ita ce dokar Mayun 1961, wadda ta shata layin da noman damina bai kamata ya haura arewa da shi ba. Ta biyu ita ce dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga matakin ƙauye zuwa na gunduma. Ta uku ita ce dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai al'adar gari da shari'ar Musulunci, waɗanda su ne mutane suka fi sani kuma suka fi komawa gare su.

Wuri irin wannan dole ya ja hankalin masu bincike. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, ta daɗe tana yaye masana shari'a da zamantakewa, kuma tun daga 2010 aka samu ƙarin jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram. A tsarin da suke bi, ba a samun digiri na biyu ko na uku sai an rubuta kundi an kare shi gaban malamai. Wasu na ganin wannan aiki a matsayin fitilar da za ta haska duhun zalunci, wasu kuwa na ganinsa tone-tone ne marar amfani. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowane yana da ƙari a maganarsa. Ga abin da ke kan kowane kwano na ma'auni.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko ita ce bincike yana nuna tazarar da ke tsakanin doka a takarda da doka a ƙasa. Dokar 1961 ta hana buɗe sababbin gonaki arewa da layin da ta shata, ta kuma ce dabbar da ta yi ɓarna a irin waɗannan gonaki ba a bin mai ita diyya. Amma yawan jama'a da gajiyar ƙasa a kudu, tare da farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, sun tura manoma arewa, har ƙauyuka suka kafu a inda doka ta keɓe wa dabbobi. Wanda ke zaune a ofis a Yamai yana iya ɗauka layin na nan daram. Ɗalibin da ya taka ƙafa ya zaga kwarin Tarka shi ne zai iya faɗin inda gona ta kai, da wanda ake sa wa biyan ɓarna a zahiri. Gani ya kori ji, muddin dai mai ganin ya tsaya ya duba da kyau.

Ta biyu, yana adana shari'o'in da ba sa kaiwa kotu. Mafi yawan saɓani a karkara a zauren mai gari, ko wurin hardo, ko gaban sarki yake ƙarewa. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sulhu a al'amuran al'ada da na filaye, ta kuma nemi a riƙa rubuta takardar sulhun, sai dai ba ko'ina ake rubutawa ba, kuma wadda aka rubuta ɗin ma takan ɓace ko gara ta cinye. Saboda haka alƙaluman jandarma da na kotun Dakoro ɗan yanki ne kawai na abin da ke faruwa. Kundin da ya bi diddigin yadda ake ƙiyasta ɓarna, da wa ke zuwa duba gona, da yadda ake rantsuwa, da abin da ake yafewa, yana cike wani babban giɓi. Darajarsa tana ƙaruwa da shekaru, domin dattawan da suka san asalin iyakoki ba dawwama za su yi ba.

Ta uku, yana iya taimakawa wajen rigakafi. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a ƙarshen Oktoban 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yaran Fulani. A Nuwamban 2016 ma an rasa mutum kusan 20 a Bangi ta jihar Tawa. Ruwa ba ya tsami banza: irin wannan fitina tana da lokacinta da wurarenta, yawanci lokacin kaka, sa'ad da dabbobi ke gangarowa kudu alhali amfanin gona bai gama shiga rumbu ba, kuma yawanci a inda aka cinye burtali ko aka kewaye tabki da gona. Binciken da ya jera rikice-rikicen shekaru da dama ya kwatanta su da ranar sakin gonaki da gwamna ke tsaidawa kowace shekara zai iya nuna inda ya kamata a sa ido. Ba zai hana fushi tashi ba, amma zai iya rage mamaki.

Ta huɗu, akwai shaidar cewa bincike kan motsa doka. A 2002 ƙungiyar Timidria, tare da wata ƙungiyar yaƙi da bauta ta Ingila, ta gudanar da nazari kan bauta a Nijar ƙarƙashin jagorancin malamin jami'a Galy Kadir Abdelkader. A Yunin 2003 aka shigar da laifin bautar da mutum cikin kundin hukunta laifuka, da ɗaurin da ya kai shekara 10 zuwa 30. Daga baya, ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare wata mata mai suna Hadijatou Mani daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Adalci ne a faɗa cewa ba nazari kaɗai ya kawo wannan ba, akwai gwagwarmayar shekaru a bayansa, kuma an yi jayayya kan alƙaluman da aka fitar. Duk da haka, ya nuna cewa abin da aka rubuta da hujja yana da wuyar musantawa.

Ta biyar, yana ba marasa ƙarfi damar a ji su. Akwai mutanen da muryarsu ba ta cika kaiwa fada ba: bazawarar da aka hana gadon gona, makiyayi ɗan wucewa da aka killace masa dabbobi har sai ya biya abin da aka yanka masa, talakan da ya ari gona shekara 20 aka ce ya tashi, da wanda ke tsare yana jiran shari'a ba shi da mai tsaya masa. Gwamnati ta kafa hukumar ba da agajin shari'a ga marasa hali a 2011, amma mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ita kanta Maraɗi kuma kimanin kilomita 120 ce daga Dakoro. Kundin da ya lissafa abin da zuwa kotu ke ci wa mutumin Sakabal, kuɗin mota da na abinci da kwanakin aikin da ya rasa, yana bayyana dalilin da ya sa mutane da yawa ke haƙura da haƙƙinsu.

Ta shida, yana mai da tsegumi ya zama magana mai tushe. Kowa yana iya cewa ana cin hanci, amma faɗin haka a majalisa ba ya gyara komai. Cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta nuna wata hanya. Masananta, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun zauna a ofisoshi da harabar kotuna suna lura, suna hira da ma'aikata da masu ƙara, har suka fayyace yadda 'yan tsakani, jinkiri, ƙarancin kayan aiki da sanayya ke haɗuwa su karkatar da shari'a. Amfanin irin wannan aiki shi ne yana nuna inda tsari ya lalace maimakon ɗora laifi kan mutum ɗaya. Ɗalibin da ya bi wannan sahu a matakin ƙaramar hukuma zai iya nuna wahalar da shi ma ma'aikacin yake sha, wanda hakan ya fi kusa da gaskiya.

Ta bakwai, yana haska al'amuran da suka ratsa iyaka. Garken da ya yi damina a arewacin Dakoro ko kewayen Gadabeji yana iya yin rani a Katsina ko Zamfara, kuma dabbar da aka sace a wannan ƙasa tana iya ƙarewa a kasuwar waccan. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta tsara dokar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, jihar Maraɗi da jihar Katsina kuma sun ƙulla tasu yarjejeniya a 2017. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, akwai tambayoyi da yawa game da takardun da makiyayi zai riƙe da hukumar da zai kai wa kuka. Wannan fage ne da ɗaliban Maraɗi za su iya haɗa hannu da na Katsina, Kano, Sakkwato da Zariya, tunda harshe ɗaya ne kuma matsalar ɗaya ce.

Ta takwas, yana samar wa ƙasa masana daga cikin 'ya'yanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗalibin da ya tashi a karkara ya san bambancin gonar gado da ta aro tun kafin ya shiga aji, abin da jami'a ke ƙara masa shi ne tsarin tambaya, auna hujja da haƙurin sauraron ɓangarori biyu. Ko da kundinsa bai yi suna ba, wannan tarbiyya tana bin sa zuwa inda zai yi aiki, ko alƙali ya zama, ko sakataren kwamitin filaye, ko malami. Wanda ya taɓa zama a tabarma ya ji yadda talaka ke kallon kotu, da wuya ya riƙe muƙami kamar wanda bai taɓa ji ba.

Illoli

Illa ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce haɗarin da ke kan wanda ya ba da bayani. Masu bincike sukan yi alkawarin ɓoye suna, amma a ƙauye mai gidaje ƙalilan, da an ce wani dattijo mai rijiya a gabashin gari, an riga an faɗi sunansa. Mutumin da ya bayyana wanda ke sayen dabbar sata, ko ya koka da hukuncin mai gari, shi zai ci gaba da zama a garin bayan ɗalibi ya hau mota. Sirrin mai bincike kuma ba shi da kariyar da sirrin lauya yake da ita. Ko a Amurka an ga haka: wata jami'a a Boston ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan Ailan ta Arewa bisa alkawarin ba za a saki muryarsu ba sai bayan mutuwarsu, amma daga 2011 hukumomi suka nemi faifan ta hanyar kotu, aka miƙa wasu, har aka tsare ɗan siyasa Gerry Adams na 'yan kwanaki a 2014 kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Magana zarar bunu ce.

Ta biyu, tambaya tana iya fama tsohon miki. Sulhun karkara sau da yawa a kan kawaici ya ginu: kowa ya san an ɗan ci iyakar wani, amma an bar kaza cikin gashinta domin zaman lafiya da auratayya. Baƙon da ya zo da littafi yana tambayar waye asalin mai wannan fili zai iya tayar da abin da aka binne shekaru. Ƙari a kan haka, jama'a ba su cika bambanta ɗalibi da ɗan aiken gwamnati ba. Wani zai ɗauka ƙidaya ake yi domin ƙwace fili ko ƙara haraji, wani kuma zai ɗauka an zo ne a tabbatar masa da haƙƙinsa, sai ya fara magana da ƙarfin gwiwar da ba ta da tushe. Ba kowane bincike ke jawo haka ba, amma wanda ya shafi ƙasa da ruwa yana buƙatar taka-tsantsan na musamman.

Ta uku, akwai haɗarin shafa wa al'umma baƙin fenti. Ilimin nazarin laifuka yana da wannan tabo tun daga tushensa. A 1876 likitan Italiya Cesare Lombroso ya wallafa ra'ayin cewa ana gane mai laifi daga siffar kansa da fuskarsa, ra'ayin da aka yi watsi da shi daga baya amma ya daɗe yana cutar da mutane. A yau siffar ta canza, jarabar tana nan. Tun daga 2019 matsalar 'yan bindiga da satar mutane ta tsananta a kudancin jihar Maraɗi, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, har dubban 'yan gudun hijira suka kwararo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Kundin da ya yi wa yankin Dakoro da kudancin jihar kuɗin goro, ko ya jera sunan wata ƙabila kusa da kalmar sata shafi bayan shafi, zai iya zama hujja a hannun mai son zuciya. Manomi ma ba ya tsira, domin wasu rubuce-rubucen kan nuna shi a matsayin mai cinye burtali kawai, a manta da yunwar da ta kai shi can.

Ta huɗu, shi kansa ɗalibin yana cikin haɗari. Tambaya kan makamai, fasa-ƙwauri ko halayen jami'an tsaro tana iya sa 'yan ta'adda su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, hukuma kuma ta ɗauke shi mai neman tona asiri. Duniya ta ji labarin Giulio Regeni, ɗalibin digiri na uku a jami'ar Kambirij, wanda ya ɓace a Alƙahira ranar 25 ga Janairu 2016 yana bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago, aka tsinci gawarsa bayan kwana tara. Wannan misali ne na ƙarshen tsanani, bai kamata a ɗauke shi abin da ke jiran kowa ba. Abin da ya fi yawa shi ne tsoro na yau da kullum. A Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2024, tana sa marubuci ya auna kowace jimla. Sakamakon haka wasu kan kauce wa tambayoyi masu muhimmanci su koma ga waɗanda ba sa ɓata wa kowa rai.

Ta biyar, raunin bayanai yana iya sanya ƙarya rigar ilimi. Ɗalibin da guzurinsa bai wuce na mako biyu ba zai sauka gidan mai gari, ya yi hira da waɗanda aka kira masa, ya koma. Idan da rani ya zo, makiyaya da yawa sun yi kudu, samari sun tafi cin rani. Idan da damina ya zo, manoma suna gona. Mata kuwa ba lalle su yi magana a gaban maza ba. Ga kuma matsalar fassara: Bahaushe yana rarrabe gado, saye, aro, jingina, haya da kyauta, makiyayi yana da nasa ƙa'idojin fifiko a kan rijiya, amma takardar tambaya ta Faransanci takan matse su duka cikin gida biyu ko uku. Daga nan a fitar da kashi kaza cikin 100 a zana jadawali, mai karatu ya ɗauka an auna ne da sikeli.

Ta shida, mai ba da kuɗi yakan zaɓi tambaya. Tallafin bincike daga gwamnati kaɗan ne, ɗalibai da yawa da aljihunsu ko na iyayensu suke aiki, don haka duk inda ƙungiyoyin waje suka karkata nan ake bi. Bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, an yi ta kwarara rubuce-rubuce kan Agadas da hanyar Libiya, domin abin ya dami Turai. An soke dokar a Nuwamban 2023. A tsawon wannan lokaci, matsalolin da suka fi ci wa mutumin Rumbu tuwo a ƙwarya, kamar satar awaki, rikicin jingina da tarar ɓarna, ba su samu irin wannan gata ba. Kuɗin waje ba laifi ba ne, ya ɗauki nauyin ayyuka nagari da yawa. Illar tana zuwa ne idan ya zama shi kaɗai ne alƙibla. Akwai kuma gajiyar jama'a: ƙauyen da aka yi ta tambaya ba a ga sakamako ba yakan koyi ba da amsar da baƙo yake son ji.

Ta bakwai, mafi yawan kundaye ba sa komawa inda aka ɗebo su. Bayan an kare kundi an sha shagali, kwafi biyu ko uku ke shiga ɗakin karatu su kwanta. Da Faransanci aka rubuta, harshen da mafi yawan waɗanda suka ba da bayanin ba sa karantawa, duk da cewa tun Maris 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar. Ɗalibi ya samu digiri, malami ya samu ƙarin girma, mutumin da ya bar aikinsa ya zauna hira bai ji ko labarin abin da aka gano ba. Rashin yaɗa kundaye yana kuma buɗe ƙofar kwafe: idan ba wanda ya san abin da aka rubuta bara, abu ne mai sauƙi a sauya sunan gari a sake miƙawa, musamman inda malami ɗaya ke duba ɗalibai fiye da ƙarfinsa.

Ta takwas, idan aka yi gaggawar mai da sakamako doka, gyara na iya zama ɓarna. A birnin Miniyapolis na Amurka an yi gwaji a 1981 zuwa 1982 da ya nuna kamar kama mijin da ya doki matarsa yana rage maimaita laifin. Hukumomin 'yan sanda da yawa suka runguma, amma da aka sake gwajin a wasu birane sakamakon ya sha bamban, a wasu wuraren ma kamun ya ƙara tsananta abin a tsakanin marasa aikin yi. Makamancin wannan shi ne rubuta al'ada. Turawan Faransa sun tattara al'adun shari'a na Afirka ta Yamma a littattafai a 1939, alhali al'ada aba ce mai lanƙwasa gwargwadon hali. Abin da wani dattijo ya faɗa wa ɗalibi a matsayin al'adar gari, wataƙila ra'ayin gidansu ne, amma da zarar ya shiga kundi sai ya daskare, a riƙa kafa hujja da shi a kan wasu.

Ma'auni

Idan aka jera ɓangarorin biyu, abu guda yana fitowa fili: fa'idodin sun fi zuwa a hankali kuma kowa ke rabawa, illolin kuwa sun fi zuwa da sauri kuma kan mutum ɗaya ko gida ɗaya suke sauka. Wannan ne ya sa ba a iya daidaita su da lissafi kawai. Haka kuma yawancin illolin daga yadda ake yin aikin suke tasowa, kuma suna da magani sananne: a bayyana wa mutum ko wane ne mai tambaya da abin da za a yi da maganarsa, a ba shi damar ƙin amsawa, a ɓoye har sunan ƙauye idan batun yana da zafi, a zauna damina da rani, a saurari manomi da makiyayi, mace da namiji, sannan a dawo a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa, Fulatanci ko Tamashek, ko a dandali ko ta rediyon gari. Amma a yi adalci, waɗannan duka suna cin kuɗi da lokaci, waɗanda ɗalibi talaka bai cika samu ba, kuma akwai haɗarin da ko an yi duk wannan ba ya gushewa baki ɗaya.

Don haka hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗalibi ya auna ko yana da halin riƙe amanar da za a ba shi. Malami ya auna ko batun da ya amince da shi ya dace da ƙarfin ɗalibinsa da yanayin tsaro. Mai gari da magidanci kuma, idan baƙo mai littafi ya yi sallama, suna da ikon tambayarsa wa ya aiko shi, ina maganar za ta je, kuma yaushe zai dawo da abin da ya samu. Daga amsar da ya bayar, kowa sai ya yanke wa kansa ko ya shimfiɗa masa tabarma ko ya ba shi ruwa ya sallame shi.